Masu gyaran injin sumo, ku ji tsoron Allah

Duk mai zaune a bayan garin Kano, irin su Rijiyar Zaki, Ɗorayi ko Mariri, ya san rijiyar burtsatse ce ke riƙe da gidaje da yawa. Ita kuwa rijiyar, ranta yana jikin injin sumo, ɗan dogon ƙarfen nan da ake zurawa can ƙasa ya turo ruwa zuwa tanki. Ranar da ya tsaya, girki ya tsaya, wanki ya tsaya, banɗaki ya zama abin kunya, maƙwabtan da ke ɗiba a famfon ƙofar gida su ma su shiga wahala. A wannan halin mutum ke faɗawa hannun mai gyara, kuma wallahi abin da wasunsu ke yi mana ya wuce sakaci. Cin amana ne.

Namu ya tsaya ana tsakiyar zafin bazara. Mai gyara ya zo da yaransa, bai taɓa komai ba ya ce sai an ciro. Ciro sumo kuwa aikin ƙarti ne: a kwance bututu ɗaya bayan ɗaya, a jawo igiya da waya, kowa da kuɗin hannunsa. Da aka fito da shi ko mitar awon wuta bai ɗora masa ba. Ya shinshina kawai ya ce, "Alhaji, kwayil ya ƙone, sai an sake naɗi," wato naɗin wayar da ke cikin injin. Na ce, "Malam, ba za ka duba kafasita ba tukuna?" Ya ce shi ya san aikinsa.

To, ga abin da ya sa na yi tambayar. Irin injin da muke sawa a gida, mai ƙarfin doki ɗaya ko ɗaya da rabi, ba ya tashi sai da kafasita, wadda ke ba shi ƙarfin fara juyawa, kuma sau da yawa tana cikin akwatin kunnawa da ke jikin bango. Idan ta mutu, injin zai yi ta gurnani ba tare da ya juya ba, ka rantse ya ƙone, alhali ɗan abu ne mai araha da ake canzawa a tsaye. Wani lokacin mahaɗin waya ne ruwa ya shiga, wani lokacin yashi ne ya cushe fankokin da ke turo ruwa. Mai gyara na gaskiya daga bakin akwatin zai auna wayoyin da mita, ya san lafiyar naɗin kafin a wahalar da kowa. Me ya sa ba sa yi? Saboda kuɗin yana wajen naɗi.

Nan ne zaluncin yake. Wayar da ke cikin injin ta jan ƙarfe ce, wadda 'yan jari-bola ke saye da kilo da daraja. Mai gyara zai zare ta, ba zai nuna maka ba, ba zai rage maka ko sisi a kanta ba. Sannan ya caje ka kuɗin sabuwar wayar jan ƙarfe, ya je ya naɗa maka ta alminiyam da aka lulluɓe bayanta da ja. A ido ba ka bambance su. Amma alminiyam ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe. Idan kaurinsu ɗaya, abin da yake iya ɗauka bai kai kashi biyu cikin uku ba. Sai injin ya riƙa ɗaukar zafi, ya ja ɗan lokaci, ya sake ƙonewa. Haka namu ya yi, ko damina ba ta sauka ba.

Kafin ma a kai ga dawo da shi, sai da na sha "gobe in sha Allah" har na ƙoshi. Ka kira, waya a kashe. Ka je shago, yaro ya ce oga ya fita aiki. Abin da ya fi min ciwo shi ne sa sunan Allah a alkawarin da mutum ya san ba zai cika ba. Duk tsawon lokacin nan 'yan garuwa muke jira, su ma ba laifinsu ba ne da jarka ta yi tsada, domin mai rijiyar da ke sayar musu da ruwan, da janareta yake tayar da injinsa. Uwargida tana lissafin ruwan alwala, tana hana yara wanka sau biyu a watan da ko dare ba ya sanyi. Ruwa abokin aiki ne, gidan da babu shi kowa a fusace yake kwana.

Da na koma wa mai gyaran, amsarsa a shirye take: "Alhaji, wuta ce." E, wutar tana da nata. Wadda ya kamata ƙarfinta ya kai wajen volt 230 sai ta zo a raunane da yamma, fitila na ja, injin ya ja fiye da ƙima ya yi zafi. Gaskiya ne kuma a bazara ruwan ƙasa yana ja da baya, sumo ya yi ta juyawa a bushe, alhali ruwan ne ke sanyaya shi. Amma wanda ya san duk wannan, me ya hana shi ce min in sa abin daidaita wuta, ko abin da ke kashe injin idan ya yi nauyi ko ruwa ya ƙare? Bai taɓa faɗa ba. Ƙonewar injina ita ce kasuwarsa.

Wani zai ce a sayi sabo mana. Da wane kuɗi? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, dalar da ke wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, injinan nan kuwa duk shigo da su ake yi, daga Sin ko Indiya ko Italiya. Mai babban gida a unguwar Nasarawa, idan injin wurin ninƙayarsa ya tsaya ruwan ya yi kore, zai aika a sayo wani a ranar. Ma'aikacin da albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, gyara ya zame masa dole, kuma masu gyaran sun san haka sarai. A kasuwar ma ba tsira aka yi ba, domin akwai na jabu masu sunan Italiya a kwali da alminiyam a ciki.

Wani dattijon mai naɗi ne ya tona asirin, Allah ya saka masa da alheri. A gabana ya buɗe injin, ya sa wuƙa ya kankare wayar, sai ga fari fat a ciki. Ya nuna min robar da ke hana ruwa shiga, tsohuwar ce aka mayar. Mahaɗin wayar da zai zauna cikin ruwa, da salatif ɗin wuta na gama-gari aka naɗe shi. Na ɗauki guntun wayar na kai wa na farkon. Bai ko sunkuyar da kai ba, cewa ya yi, "Ai yanzu kowa haka yake yi, jan ƙarfe ya yi tsada." To in ya yi tsada, ka faɗa min mana, in zaɓa da kaina! Me ya sa ka karɓi kuɗinsa? Ina tsohuwar wayata?

Bai ba ni rasit ba, bai ba ni garanti ba, yana ganin shi ke nan ya sha. Kuɗina dai sai ya dawo da su. Na riga na kai maganar gaban mai unguwa, ranar Asabar za mu zauna, kuma dattijon ya ce zai zo ya faɗi abin da ya gani.