Kisa a tafiya biyu: ku daina garajen ba da cek

Ƙannena na Nima da Mamobi da Sabon Zango, masu miƙa wa juna waya a majalisar ataya bayan isha'i kuna gardama kan tambayar wasan ces (chess), wata ɗabi'a ce take kayar da ku kullum. An rubuta muku cewa Fari zai taka ya kashe sarki a tafiya biyu, ba ku gama duban allon ba, wani ya riga ya sunkuci sarauniya ya ba da cek, wato ya kai wa sarki hari kai tsaye. Hannun da ya saba da dame bai san komai ba sai ci. To garaje ba ƙarfi ba ne, kuma mai tsara tambayar da garajenku ya ɗana tarkonsa.

Ku fara rarrabe abu biyu. Akwai tambayar da aka yanko daga wasan gaske, irin waɗanda shafin ces na intanet, Lichess, yake ba ku. A can daidai ne ka fara gwada cek da ci. Akwai kuma wadda gwani ya zauna ya tsara da hannunsa, kowane ɗa da aikinsa a allon. A irin wannan, tafiyar farko, wadda ake kira mabuɗi, da wuya ta zama cek, da wuya ta zama ci. Masu tsarawa suna ganin hakan rashin gwaninta ne. Mabuɗi guda ɗaya ne tak, kuma yawanci shi ne takun da ido ya fi rainawa.

Saboda haka ka naɗe hannunka, ka fara da Baƙi. Ƙirga gidajen da ke kewaye da sarkinsa, takwas in yana tsakiya, biyar a gefe, uku a kusurwa. Wanne ne ɗansa ya toshe, wanne ne Fari ya tsare, wanne ne a buɗe? Sannan ka ɗauka Baƙi ne zai fara takawa. Bi duk tafiyar da doka ta ba shi ɗaya bayan ɗaya, ka ga wacce ce Fari yake da kisa a shirye dominta. Wadda ba ta da amsa, a nan aikin yake.

Ku jera wannan a allo na gaske, ba a waya ba. Tsohuwar tambaya ce da ake jingina wa Paul Morphy, gwanin Amurka da ya rayu daga 1837 zuwa 1884. Fari yana da sarki a c8, hasumiya a a1, soja a b6 (harufa a zuwa h daga hagun Fari zuwa damansa ne, lambobi 1 zuwa 8 daga gefensa zuwa na Baƙi). Baƙi yana da sarki a a8, bishof a b8, sojoji a a7 da b7. 'Ya'ya bakwai ke nan duka.

Mai garaje zai ci a7 da hasumiya ya ce cek. Bishof ya cinye ta, zance ya ƙare. Yanzu ka bi ta hanyar da na ce. Sarkin Baƙi ba shi da inda zai je. Sojan b7 a toshe yake. Sojan a7 ba zai iya cin b6 ba, domin in ya kauce, hasumiya tana kallon sarkinsa kai tsaye. In bishof ya motsa ko'ina, hasumiya ta ci a7, sojan b6 yana mara mata baya, sarkin Fari ya tsare b8: kisa. Abin da ya rage ba amsa shi ne sojan a7 ya matsa gaba zuwa a6 ko a5. Shi ya sa jira da hasumiya a a2 ba zai yi ba, a5 ma haka, domin soja zai taka a6 ya huta. Sai ka toshe masa hanya gaba ɗaya: hasumiya zuwa a6, a bakin sojan b7, kamar ka yi kyauta. In ya ci, ya bar b7 a buɗe, sojanka ya shiga can da kariyar sarkinka, sarkin Baƙi kuma 'ya'yansa biyu sun toshe shi. Kisa. In bai ci ba, dole bishof ya motsa, ka riga ka san sauran.

Ku lura, mabuɗin nan bai yi barazanar komai ba. Da doka ta yarda Baƙi ya ce ya yafe takunsa, da babu kisa. Tilascin takawa ne ya kashe shi. Yawancinku ba ku neman irin wannan sam, barazana kawai kuke farauta.

In ka samu takun da ya yi maka daɗi, kada ka yi ihu tukuna. Koma kujerar Baƙi ka nemi abin da zai ɓata shi: ya ba sarkinka cek, ya ci ɗan da zai yi kisan, ya sa wani a tsakani, ko ya buɗe wa sarkinsa gida. Gwanaye da gangan suke dasa takun da yake kashe komai sai kariya ɗaya. Amsa tara daidai, ɗaya ta kuɓuce, ba ka warware komai ba. Kuma in takunka ya bar Baƙi ba shi da motsi ko ɗaya alhali sarkinsa ba ya cikin cek, canjaras ka yi, ba kisa ba.

Akwai ƙananan abubuwa da suke sa a yi awa guda ana wahalar banza. Gidan kusurwa na hannun damanka fari ne. Sojojin Fari sama suke tafiya a zane. Sojan da ya kai ƙarshe ba dole ya zama sarauniya ba, wani lokaci doki ne kaɗai yake kisa. A al'adar masu tsarawa, in sarki da hasumiya suna gidajensu na asali, an yarda a yi musu musayar nan ta kariya da ake kira castling, inda sarki da hasumiya suke motsawa tare a taku ɗaya, sai in an tabbatar ɗayansu ya taɓa motsi.

Maganar Stockfish kuwa, manhajar nan mai lissafin ces, ku bar shi a aljihu. Zai ba ka a6 kafin ka ƙifta ido, gobe a kawo wata ka sake cin a7. Ka ba tambaya minti goma sha biyar ba tare da taɓa 'ya'yan ba, ka rubuta mabuɗin a takarda tare da kowace kariyar Baƙi da kisan da zai biyo ta, sannan ka buɗe amsar ka gwada layi da layi.