Majalisar Tsaro ta Teburin Mai Shayi

Tudun Wadan Zariya, bayan isha'i. Kofur tsohon sojan ECOMOG (rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma), Ɗan Boko daga Samaru da wani Bakano ɗan gwanjo sun cika bencin mai shayi.

Ɗan Boko: Ni a ganina, Baba, in za a janye soja daga ƙasar wasu, a sa rana, a sanar da duniya.

Kofur: Kai yaro, abin da ake koya muku a jami'a ke nan? Ka gaya wa maƙiyi ranar tafiyarka? Haka Amurka ta yi a Doha a 2020, kan batun ficewa daga Afghanistan. Taliban suka gyara zama suna duba kalanda. Ran 15 ga Agustan 2021 suna cikin Kabul, masu tafiya ba su gama ɗaure kaya ba.

Ɗan Boko: To shekara 20 fa suka yi! Sobiyat ma ta kusa goma kafin ta fice a 1989. Sai yaushe?

Kofur: Sai ƙura ta lafa.

Ɗan Boko: Ku da aka kai Laberiya a 1990, yaushe ta lafa?

Kofur: (ya kurɓi shayi) Ce mana aka yi yanzu za mu dawo. Da ciki na bar uwargida. Ran da na yi sallama a ƙofar gidana, yaro ya leƙo da allo a hannu, ya koma ya ce, "Inna, wani soja na neman maigidan." Ban gama sabawa da shi ba aka ce Saliyo, a mai da Shugaba Tejan Kabbah kan kujera.

Bakano: Ku Zagezagi sai dogon turanci. Motocin da aka bari a Kabul, wa ya saya?

Ɗan Boko: Alhaji, rayukan mutane ake magana!

Bakano: Allah ya ji ƙansu. Amma ni ra'ayina a fita cikin dare, a guje. Mai sauri ba ya tsayawa ciniki. Dubi Faransawa da suka bar Nijar a 2023, suka jera motoci tiryan-tiryan zuwa Chadi. Ko bokitinsu ban gani a kasuwa ba.

Mai Shayi: (ya buɗe littafin bashi) To manyan janar-janar, zan tashi. Alhaji, ƙwai huɗu da... ina Bakanon?

Benci wayam, sai takalmi wari ɗaya.

Ɗan Boko: Ni kam na sa rana. Ƙarshen wata, in an turo daga gida.

Mai Shayi: Wane watan? Wannan yarjejeniya sau nawa muna sa mata hannu? Kai fa, Kofur?

Kofur: Soja ba ya barin fage cikin ruɗani. Ina nan daram sai fansho ya fito. Ƙaro kauri, ka sa madara.