Tsibiri ba sai a teku ba, dazukan Kaduna ma sun fara zama tsibirai

A tsibiran Hawaii da ke can tsakiyar tekun Fasifik babu tururuwa ko ɗaya 'yar asalin wurin. Ko ɗaya fa. Nau'o'i wajen 60 da ke can yau duk jiragen ruwa da kayan fatake ne suka kai su. Dalilin nisa ne kawai. Sarauniyar tururuwa takan fito da fiffike bayan an yi ruwa, ba shinge nake nufi ba, shi na gara ne, ta yi barbara a sama ta sauko ta karya fikafikanta ta haƙa rami ta kafa gida, toh wannan ɗan tashin nata ina zai ƙetare teku na dubban kilomita?

A 1967 masana biyu 'yan Amurka, Robert MacArthur da Edward Wilson, suka tsara abun a rubuce: ƙaramin tsibiri nau'o'insa kaɗan ne don wanda ya mutu ya ƙare kenan, mai nisa kuma baƙi ba sa isowa su cike gurbi. Wilson da ɗalibinsa Daniel Simberloff har gwaji suka yi a Fulorida, suka lulluɓe wasu 'yan tsibirai da tanti suka yi feshi duk ƙwarin suka mutu. Cikin kamar shekara ƙwari suka dawo, amma tsibirin da ya fi nisa shi ya fi daɗewa bai farfaɗo ba.

Abun da ke damuna kenan game da mu nan Kaduna. Duba dajin Afaka ta wajen Mando, gonaki da filaye da masu gawayi sun ci gefensa, gari na ta matsowa. A wurin kwarkwasa ko cinnakar da ke son inuwa da danshi, kwalta da kwanon rufi da fili fetal ba su da maraba da teku. Idan gobara ko sara ta share wani nau'i a guntun daji, daga ina wani zai zo?

Na san wani zai ce ai Madagaska ma tsibiri ce amma tana da nau'in tururuwa sama da 1,000, yawanci babu su a ko'ina. Gaskiya ne, amma ita ƙatuwa ce kuma miliyoyin shekaru ta yi a ware. Guntun dajin da aka yanke jiya bai da wannan lokacin.

Kuma wallahi ba ƙaramin aiki halittar nan ke mana ba, ita ke huda ƙasa ruwa ya shiga, ta kwashe ƙwarin da ke cin amfanin gona. Shi ya sa nake ganin masu yanka filaye su daina yanka har bakin ruwa, a bar zirin bishiyoyi a gaɓar Kogin Kaduna da rafukan da ke zuba cikinsa, ya haɗa wannan daji da wancan. Ɗaliban jami'o'in ABU da KASU masu neman abin bincike kuma su shiga dazukan Afaka da Kagoro su ƙirga mana nau'o'in da suka rage.