Kyamara ma taga ce: nasiha ga mai gida da maƙwabcinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa na Garwa, Marwa, Ngaundare da kewaye.

Kyamarar tsaro ta shigo unguwanninmu, kuma da dalili ta shigo. Wanda aka ɗauke wa babur a ƙofar gida yana cikin alwala, ko aka ɓalle masa shago da tsakar dare, babu mai ce masa don me ya sa ido a kan kayansa. Tsare dukiya halal ne. Sai dai abin da aka sayo domin ɓarawo ya fara juyowa kan maƙwabci. Gidaje biyu da suka shekara ashirin ana miƙa wa juna kwanon tuwo ta kan katanga, yau gaisuwa ta gagara, saboda ɗan abin da bai kai girman kofin shayi ba an maƙala shi a kusurwar bene.

Malamanmu sun gama wannan magana tun kafin a ƙera kyamara. Duk wanda ya durƙusa a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya wuce ta wurin da aka kawo "la darara wa la dirara", wato ba cuta ba cutarwa. Misalan da suka biyo baya su ne: kada mutum ya buɗe taga ta kusa da zai riƙa hango maƙwabcinsa ta cikinta, kada ya buɗe ƙofa daidai saitin ƙofarsa, kada ya haƙa ramin da zai cuce shi, ko da a cikin mallakarsa yake haƙawa. A lura da wannan gaɓa ta ƙarshe, domin ita ce amsar mai cewa "bangona ne, da kuɗina na saya". Bangonka ne, amma abin da ake gani ba naka ba ne. An kuma ruwaito a littattafan Malikiyya cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya rubuta game da mutumin da ya ɗora ɗaki a sama ya buɗe masa taga: a ajiye gado a bayan tagar, mutum ya hau ya tsaya, in yana hango cikin gidan maƙwabci, a hana, in ba ya hangowa, a bar shi.

To ita taga sai mutum ya je ya tsaya a bakinta, ya gaji ya koma. Kyamara ba ta gajiya, ba ta barci, kuma abin da ta gani tana ajiyewa, ta aika shi wayar da ke aljihun wani a wani gari. In an hana ƙaramar, babbar ta fi cancantar hani. A Bukhari da Muslim akwai labarin mutumin da ya leƙa ɗakin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta wata kafa, alhali Manzon Allah yana riƙe da abin susar kai. Ya gaya wa mutumin cewa da ya san yana kallonsa da ya tsokane masa ido da shi, sannan ya ce: ba a sanya neman izini ba sai saboda gani. Ke nan wanda idonsa ya shiga gida, ya shiga gidan, ko da ƙafarsa tana waje.

Ku duba yadda gidajenmu suke. Rayuwar mata a tsakar gida take: nan ake daka, nan ake wanki, nan ake shayar da jariri, ba mayafi ba ɗankwali, domin katanga ta isa sutura. Makewayi da wurin wanka a gidaje da yawa ba su da rufi. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40, ɗaki ba ya kwantuwa, kowa tabarmarsa a waje. Kyamarar da ke saman bene tana da fitilar dare wadda idon mutum ba ya gani, tana haska mita 20 zuwa 30 cikin duhu. Mai gidan da ya sa ta bai yi niyyar kallon matar kowa ba, mun yarda. Amma na'urar ba ta san niyya ba, kuma ba shi kaɗai ke riƙe wayar ba.

Yawancin ɓarnar daga wurin sawa take farawa, kuma gyaranta ba shi da tsada. Masu gida suna son a kai kyamara can ƙololuwa don kada a sace ta ko yara su jefe ta. Wannan kuskure biyu ne a haɗe: daga mita 6 ko 7 tana tsallake katangar maƙwabci, sannan ba ta ganin fuskar ɓarawo, sai tsakiyar kansa da hularsa. Tsayin da ya dace shi ne mita 2 da rabi zuwa 3, a sunkuyar da ita ta kalli ƙofarka da gindin bangonka. Sai girman idon. Wanda aka rubuta wa 2.8 mm yana buɗewa kusan digiri 100, yana kwashe hagu da dama har abin da ba a aike shi ba. Na 3.6 ko 4 mm yana tsayawa wajen digiri 80. Na 6 mm bai cika wuce 50 da 'yan kai ba, kuma shi ya fi dacewa da lungu mai ƙunci inda ƙofofi ke kallon juna. Mai sawa yakan kawo 2.8 don shi ne a jakarsa. Ka tambaye shi lambar kafin ya huda bango.

Bayan an sa, a yi gwajin Sayyidina Umar da kayan yau. Ka kira maƙwabcinka, shi da kansa, ka ba shi wayar ko ka zaunar da shi gaban allon. Ya aiki ɗansa ya zaga tsakar gidansu, ya tsaya bakin makewayi, ya tsaya ƙofar ɗaki. A yi sau ɗaya da rana, a sake bayan isha'i, domin hoton dare daban yake. Duk inda yaron ya bayyana, a juya kyamarar. In juyawa ba ta wadatar ba, akwatunan naɗa irin na Hikvision da Dahua suna da wurin da ake zana baƙin murabba'i a kan wani sashe na hoton, masu aikin kan ce masa mask. Yawanci ana iya rufe wurare har huɗu a kowace kyamara. A zana shi a gaban maƙwabcin, sannan a buɗe abin da aka naɗa a tabbatar baƙin yana nan a ciki, ba a kallon kai-tsaye kaɗai ba. Amma tunda mai gida yana iya goge wannan zane a minti ɗaya, abin da ya fi kwantar da rai shi ne ɗan ƙyallen kwano ko langa-langa da za a ɗaure a gefen kyamarar ya tare wancan ɓangaren. Wannan maƙwabci yana ganinsa daga gidansa kullum, ba sai ya tambayi kowa ba.

Kyamarori masu juyawa, irin waɗanda ke zuwa da faifan sola da layin waya, sun fi kowacce haddasa husuma. Suna zagayawa kusan da'ira cikakkiya, da yatsa ɗaya ake karkata su, wasu ma suna bin motsin mutum da kansu. Duk alkawarin da aka yi kan inda take kallo, yaro ɗaya da ya ɗauki wayar babansa ya isa ya rushe shi. Irin wannan ba ta dace da bangon da ya haɗa gida biyu ba. Wurinta gona, garke ko filin ajiye motoci. Haka kuma yawancinsu suna da makirfo a kunne tun daga kamfani. Hirar da ake yi a dakali, ko muryar mata ta bayan katanga, duk tana shiga. Hadisi a Bukhari ya ce wanda ya saurari zancen mutane alhali suna ƙin ya ji, za a zuba masa narkakkiyar dalma a kunne ranar ƙiyama. A shiga saiti a kashe sautin, ba ya ƙara komai wajen kama ɓarawo.

Hanya kuwa ta kowa ce, kuma kyamarar ƙofa dole ta ɗan kama ta. Amma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, da ya yarje wa sahabbai zama a bakin hanya, sharaɗin farko da ya gindaya shi ne runtse ido. Zama da dare ana mayar da hoto baya don a ga wa ya shiga gidan wane, ƙarfe nawa 'yar wane ta dawo, wace mota ce ta sauke bazawarar layin, wannan shi ne tajassusin da Allah Ya hana a Suratul Hujurat, aya ta 12, a jere da mummunan zato da giba. Wanda ya fara wannan kallo, da wuya bakinsa ya riƙe abin da ya gani.

Yanzu batun turawa, wanda nan ne zunubin ya fi nauyi. An yi sata, an ga wani ya gifta, kafin gari ya waye hoton ya zaga rukunonin WhatsApp na unguwa da rubutu a ƙasa: ga ɓarawon. 'Yan uwa, mu san ƙarfin hujjar da muke riƙe da ita. Kyamara mai megafiksel 2 (ma'aunin kaifin hoto ke nan) da faɗin ido ba ta tantance baƙuwar fuska da tabbaci in mutum ya wuce mita 4 ko 5. Da dare hoton fari da baƙi ne, kuma fitilar dare tana sauya tufafi: riga mai duhu tana iya fitowa fara tas. Ƙurar hunturu da yanar gizo-gizo a bakin gilashi suna mayar da hasken su dusashe komai. Agogon akwatin ma ba abin dogaro ba ne sai an duba: akwai ɗan batiri mai kamar kwabo a cikinsa, in ya mutu, duk ɗauke wuta sai kwanan wata da lokaci su rikice. Sannan WhatsApp yana matse bidiyo ya rage masa kyau. Da wannan ne za a rataya wa ɗan mutane sata? Almajiri ko ɗan acaɓa da ya yi kama da wanda ke hoton yana iya faɗawa hannun taron da ba ya tambaya. Allah Ya ce a bincika, "fatabayyanu", don kada a cuci mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. In kuma abin da aka tura ya shafi mutuncin mace, to ana wasa da iyakar ƙazafi, wanda Suratun Nur ta sa wa bulala 80 ga wanda bai kawo shaidu huɗu ba. Goge saƙo ga kowa yana yiwuwa na kwana biyu ne kacal, kuma ba ya ciro shi daga wayar wanda ya riga ya ajiye.

Hukumar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. A Kamaru, dokar tsaron intanet mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010, a sashe na 74, ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 2 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5 ga wanda ya keta sirrin rayuwar wani ta hanyar naɗa ko aika bayanansa na sirri ba da yardarsa ba. A Disamba 2024 kuma an sa hannu kan dokar kare bayanan mutane.

Hanyar da ta dace in an yi ɓarna ita ce a kwafe guntun da abin ya faru a filas, daga akwatin kai tsaye, da minti 10 kafin abin da minti 10 bayansa, kada a ɗauki allon da waya. A rubuta bambancin agogon akwatin da na gaskiya. A kai wa jandarma ko 'yan sanda, ko a fara da jauro ko lawan in abin na cikin unguwa ne, musamman in yaro ne, domin iyayensa su ji kafin duniya ta ji. Wanda ya suturta Musulmi, Allah zai suturta shi. A yi da wuri kuma, domin na'urar tana taka tsohon hoto da sabo: kyamara ɗaya tana cin kamar giga 20 a yini in tana naɗa ba tsayawa, huɗu za su cika faifan tera 1 cikin kwana 12 ko kusa da haka, katin giga 64 kuwa kwana 3 ne.

Wannan lissafi ya shafi mai kyamarar da maƙwabci ya zo wa da roƙo. An sace masa akuya, kyamararka tana kallon lungun, kada ka ce masa sai ka samu sukuni har hoton ya goge. Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Ka zaunar da shi ku duba lokacin da ya ambata kaɗai, ka kwafe masa a filas don hukuma. Kada ka ba shi kalmar sirrinka, kada ka tura masa ta waya.

Kai kuma Malam, da kake jin an kafa maka ido, kada ka fara da jifa ko yanke waya, kada ka rubuta habaici a Facebook. Yi sallama ka ce: "Alhaji, Allah Ya tsare mana baki ɗaya. Iyalina sun takura, ina roƙon ka nuna mini abin da take gani." Sau da yawa za a tarar ba ta kaiwa, ko mai gidan bai taɓa lura ba. In ya ƙi, a je da liman ko dattijon layi. In ya sake ƙi, sai jauro.

Saura mai sawa. Shi ne ya buɗe asusun da ake kallon kyamarar ta waya da shi, sau da yawa da lambarsa, kuma in ba a cire shi ba yana iya ganin gidanka da na maƙwabcinka daga wayarsa. Ranar da ya gama aiki a sauya kalmar sirri, kada a bar admin ko 12345, a duba jerin wayoyin da aka raba wa kallo a cire duk wanda ba dole ba, a ɓoye lambar QR da ke jikin akwatin, wadda da ita ake haɗa shi da waya. Bayan iskar farkon damina kuma a sake kiran maƙwabcin a maimaita gwajin, domin ƙusoshin mariƙin suna saki a bangon da siminti bai ji ba, kyamarar ta karkace da kanta.