Tarwadar da Na Ba Masauki a Falo

Ni Bakabe ne, haifaffen Argungu, ko da yake aiki ya zaunar da ni a Birnin Kebbi shekaru masu yawa, kuma duk wanda ya san mu ya san ba mu yarda wani ya koya mana kifi. A garinmu ake bikin kamun kifin da ya samo asali tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar sulhu, kuma tun ina yaro nake tsayawa a bakin kogin Matan Fada ina kallon dubban masunta suna rugawa cikin ruwa da homa da gora, suna fitowa da giwan ruwan da sai ƙarti biyu sun kama kafin a kai shi ma'auni. Da wannan taƙama na shiga wani shago a Sakkwato inda ake sayar da kifin ado, bayan 'yata Auta ta ga akwatin gilashi a gidan wata ƙawarta ta hana kowa sakat.

Na zaɓi akwati mai cin lita 60, da ɗan injin hura iska, da matatar ruwa. Yaron shagon, wanda bai wuce sa'ar ɗana na fari ba, ya fara yi mini bayani cikin ladabi cewa ya kamata in tafi da akwatin kawai, in cika shi da ruwa, in bar injin yana aiki na wasu makonni kafin in dawo ɗaukar kifi, kuma ba kowane kifi ne yake zama da ɗan'uwansa ba. Ban bar shi ya kai aya ba. Na ce masa, "Yaro, ka san daga ina na fito? Bikin garinmu ne hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, kai kuma za ka koya mini zuba kifi a ruwa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji," ya ɗauko 'yar ragarsa. Na nuna ƙananan kifaye takwas masu wutsiya kamar mafici waɗanda ake kira gupi, da kifin zinare biyu masu tumbi, da wasu kyawawa biyu da ya ce sunansu beta, ɗaya ja ɗaya shuɗi. Na lura ya sa kowane beta a ledarsa daban, sai na ɗauka ɓarnar leda ce irin ta yaran zamani.

Muna isa gida na tara ruwan famfo na cika akwatin, na kwance ledoji na juye kowa da kowa a lokaci ɗaya, yadda ake juye fasinja a tasha. Ba a yi minti biyar ba jan beta da shuɗin suka ga juna. Kowanne ya buɗe marfin kunnuwansa, ya baza fukafukai, suka fara zagaya juna kamar 'yan kokawa suna jiran kiɗa. Yara suka rabu gida biyu, har ɗana na tsakiya yana yi wa jan kirari. Ni ma da farko na ɗauka gaisuwa ce, sai da na ga guntayen wutsiyar shuɗin suna yawo a ruwa kamar yagaggen ƙyalle. Daga baya na san cewa asalin wannan kifi daga Tailan yake, inda aka daɗe ana kiwon sa domin faɗa, kuma maza biyu ba su taɓa zama a gida ɗaya. Na tsamo shuɗin da ludayi na sa shi a robar da uwargida take jiƙa tsamiya, ya kuwa rayu a ciki lafiya lau, domin beta yana iya ɗago kai ya shaƙi iska daga sama. Uwargida ba ta ce komai ba, illa ta tambaye ni inda za ta riƙa jiƙa tsamiyarta.

Maganar abinci ce ta fi taɓa mini mutunci. Yaron ya sayar mini da wani ɗan gwangwani da bai kai na tumatir ba, cike da ɓarɓashi kamar busasshen ganye, ya ce in riƙa zuba abin da za su cinye cikin minti biyu kawai, sau ɗaya ko sau biyu a rana. A gidanmu ba a yi wa baƙo awo, kuma an ce baƙonka annabinka. Duk lokacin da na wuce sai in ga kifin zinare sun taho bakin gilashi suna buɗe baki suna rufewa, ni kuwa zuciyata ba ta iya jure ganin mai roƙo. Na ƙara musu dusa. Na daka ƙuli-ƙuli na barbaɗa musu, domin na san masunta suna tara kifi da abin da ya fi wannan muni. A ranar Juma'a kuma, saboda albarkar rana, na gutsura musu tuwon shinkafa, tunda a Kebbi muke kuma shinkafa ba ta gagare mu ba.

Cikin kwana huɗu ruwan ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, a kwana na shida ya koma kunun kanwa, falon kuma ya ɗauki wani wari da ya sa baƙi suka riƙa gajarta gaisuwa. Abin da yaron ya so ya gaya mini ke nan na toshe masa baki. Kashin kifi da ragowar abinci idan sun ruɓe suna sakin guba da ake kira amoniya, kuma akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama a cikin matata da tsakuwa, waɗanda suke juya gubar zuwa abin da kifi zai iya jurewa. Su waɗannan ma'aikata sai sun yi wata guda ko fiye kafin su yi yawan da za su iya aikin, ni kuwa na buɗe kasuwa tun ba a ɗauki masu shara ba. Ga ruwan famfo da sinadarin kulorin da ke ƙona kunnuwan kifi, ga watan Afrilu da zafin Birnin Kebbi yake haura digiri 40. Kifin zinare, wanda asalinsa daga Sin yake, ruwa mai sanyi-sanyi yake so, kuma ruwa idan ya yi ɗumi iskar da ke cikinsa raguwa take yi. Wata rana aka ɗauke wuta tun hantsi, injin iska ya yi shiru, kafin la'asar na tarar da masu tumbin nan biyu sun juya ciki sama. Auta ta yi kuka, ni kuma na tsaya ina lissafin cewa kuɗinsu zai sayi karfasa cike da faranti.

A nan ne ilimin gado ya motsa. Na ce matsalar ita ce abinci yana kwanciya a ƙasa, maganinta kuwa a samo kifin da ke kiwo a ƙasa, kuma duk Kabi babu wanda bai san gwanin wannan aiki ba. Na je wurin wani abokina mai kiwon kifi a bayan gari ya ba ni 'yar tarwada guda, tsawonta bai wuce ɗan yatsana ba, da 'yan gashin bakinta abin tausayi. Na canza ruwa, na sake ta. Kafin gari ya waye ƙasan akwatin ya yi fes. Na kira uwargida na nuna mata, na ce, "Kin ga bambancin mai ilimi da mai shago." A makon ne kuma wata gupi ta haihu, domin su ba ƙwai suke sakawa ba, 'ya'ya suke haifa da rai kusan kowane wata, sai na wayi gari da 'yan mitsi-mitsi fiye da goma sha biyar, har na fara tunanin ko in buɗe shago in karya kasuwar yaron Sakkwato.

Jariran ne suka fara ɓacewa, ban damu sosai ba, domin na ji cewa iyayen ma sukan ci 'ya'yansu. Amma da manya suka koma bakwai, sannan shida, sannan biyar, babu gawa babu ɓurɓushi, sai na kafa kwamitin bincike wanda ni ne shugaba ni ne sakatare. Wadda aka fara tuhuma ita ce kyanwar gidan, wadda mu a nan muke kira mussa, domin an sha ganin ta zaune gaban gilashi tana kaɗa wutsiya. Aka yanke mata hukuncin kora daga falo, aka rufe akwatin da faranti aka ɗora dutsen guga. Washegari gupi huɗu. Na tsare ɗana na tsakiya da tambayoyi har ya rantse da abin da ban tambaye shi ba. Wani maƙwabci ya ba ni shawara a asirce cewa kifi da mutanen ruwa ba su rabuwa, in nemi turare. Jan beta ma ya ɓace a daren Talata. Duk wannan lokaci tarwada tana kwance a bayan wani dutse da rana, shiru kamar mai lazimi, tana ƙiba, ni kuwa ina yaba wa ƙuli-ƙulina.

Ana cikin haka kawuna ya zo daga Argungu ganin likitan ido. Tsohon masunci ne wanda ya yi shekara fiye da arba'in yana shiga ruwa, kuma da idon nan nasa mai ciwo ya leƙa akwatin sau ɗaya ya ɗago.

"Kai, ɗan nan, wa yas sa wagga tarwada cikin ƙananan kifi?"

Na ce, "Ni ne, Kawu, shara take yi mini."

Ya ce, "Awo, ta ko yi shara. Mi ka rage?"

Na fara ba shi labarin mussa, ya ɗaga mini hannu. Ya ce in jira bayan isha'i a kashe fitila. Muka zauna cikin duhu ni da shi da yara, ba mai tari, can ya ce in haska tocila. Ga baiwar Allah ta fito daga bayan dutse tana shawagi da gashin baki a miƙe, wutsiyar gupi tana leƙowa daga bakinta kamar asuwaki. Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya ba kura ajiyar nama ya koma yana dukan kare ba sai ɗan 'yar'uwarsa, kuma duk yaron da ke wanka a Matan Fada ya san tarwada da dare take farauta, abin da duk ya shiga bakinta kuwa abincinta ne. Ya roƙe ni kada in faɗi wannan labari a Argungu in ambaci sunan gidanmu.

Da safe na nemo rasit na kira yaron shagon, na yi masa sallama mai tsawo irin wadda ban yi masa ba ranar farko. Bai yi mini dariya ba, wanda hakan ya fi dariyar ciwo. Ya ce kafin a haɗa kifi biyu a duba girman bakin babban, a duba ko zafin ruwan da suke so ɗaya ne, a kuma duba hali, domin akwai masu son zama cikin garke, akwai masu cizon wutsiyar maƙwabci. Ya ce in riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako da ruwan da ya kwana a buɗaɗɗen bokiti, in wanke soson matata da tsohon ruwan akwatin, in kuma ajiye tuwo domin masu hannu. Da zai kashe waya ya ce, "A gaida mutanen Argungu, Alhaji."

Gupi biyu da suka tsira, Allah ya sa mace da namiji ne, sun sake cika akwatin, shuɗin beta kuma yana nan shi kaɗai a kwalbarsa kamar gwauro, an mayar wa uwargida robarta. Tarwada na mayar da ita rabin duro a bayan gida, inda ta taɓa tsallakowa da dare muka tsince ta tana jan ciki ta nufi ƙofar kicin. Bayan wata biyar ta kai kauri kamar damtsena, uwargida ta yi farfesunta ranar da Kawu ya dawo a sake duba idonsa. Auta ta ƙi ci, ta ce kifayenta suna ciki. Kawu ya cinye kan, ya suɗe yatsu, ya ce bai taɓa cin tarwadar da aka yi wa kiwo da kifin Turawa ba. Ni kuma na tattara ƙayoyin da wata tsoka mai kyau a faranti na kai wa mussa har inda take kwance a matsayin diyya. Ta sansana, ta dube ni, ta tashi ta haye katanga.