Laburaren ƙasa: ana ta lissafin siminti, ba mai tambayar me za a riƙa yi a ciki

Tun watan Satumbar 2025 da uwargidan shugaban ƙasa Oluremi Tinubu ta ce duk mai son yi mata kyautar cika shekara 65 ya kai kuɗin asusun ƙarasa ginin laburaren ƙasa, har aka sanar an tara sama da naira biliyan 20, nake bin muhawarar da ake yi kuma gaskiya raina ɓaci yake. A ƙarasa ginin mana, wa zai ƙi? Duk mai bi ta tsakanin Masallacin Ƙasa da babbar cocin ƙasa a nan Abuja ya san kangon nan, tun 2006 zamanin Obasanjo aka ba da kwangilarsa a kan biliyan 8 da ɗoriya aka ce wata 22 za a gama, yaran da aka haifa a shekarar yanzu wasunsu na jami'a. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kowa maganar rodi da siminti da hawa nawa yake yi, har yau ban ji mai tambayar me za a riƙa yi a ciki ba, su waye za su shiga, ranar Asabar da yamma me zai sa uwa ta ɗauko yaranta daga Nyanya ta biya kuɗin mota ta zo.

Masu cewa ai yanzu komai na cikin waya, laburare tsohon yayi ne, ba zan ɓata lokaci a kansu ba, su fara sayawa yaran unguwarsu data tukunna.

Waɗanda suka fi damuna su ne masu son laburaren da kansu, 'yan boko irina, da suka ɗauka laburare ɗaki ne na jera littattafai a kanta a manna takardar "a yi shiru" a bango shi ke nan an gama aiki. Wannan tunanin ne ya kashe mana ƙananan laburarorin da muke da su tun kafin rashin kuɗi ya ƙarasa su. A dogon hutun da ya wuce na ɗauki 'yata da ɗan ƙanwata, dukansu 'yan firamare, muka je wani laburaren gwamnati. Mun tarar da ɗaki cike da samari da 'yan mata kowa ya duƙufa a kan tsofaffin tambayoyin JAMB, wasu sun yi layin caji a soket guda ɗaya da ke aiki, fanka biyu ne ke juyawa. Na tambayi sashen yara aka nuna mini ƙofa da kwaɗo, wai mai makullin bai zo ba. Ta taga muka leƙa, ƙananan kujeru masu launi an kife su kan tebur ƙura ta rufe. 'Yata ta ɗan yi dariya da ƙarfi sai baba maigadi ya matso ya ce, "Malam a yi haƙuri a fita da su, nan ba wurin yara ba ne." Ban ga laifinsa ba wallahi, abin da aka koya masa ke nan. A mota yaron ya ce, "Kawu, kar mu sake zuwa."

To yaron da aka kora yana shekara takwas, shi ne gobe za a tsaya a taro a ce ba ya son karatu.

Mu Hausawa ai ba a shiru muka koyi son labari ba. A tsakar gida muka koya, kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku mu amsa ta zo mu ji ta. A makarantar allo da murya ake karatu har maƙwabta su ji. Littattafan Hausa da suka cika Kano da Kaduna ma ta shagon haya da karantawa a rediyo suka shiga gidaje, mace ɗaya ta karanta biyar na saurare, yanzu kuma sun koma WhatsApp. Sai a zo a gina mana wurin karatu a ce sharaɗin farko kar wanda ya buɗe baki, sannan a yi mamakin ba ma zuwa? A ware ɗakin masu shirin jarrabawa, haƙƙinsu ne su samu natsuwa, amma laburaren da ba shi da zauren da za a yi tatsuniya da kacici-kacici da gasar waƙa da muhawarar ɗalibai, wanda marubuciya ba za ta zo ta karanta babi guda a yi mata tambayoyi ba, sito ne kawai aka saka wa ma'aikata.

Kuma ba ranakun yi aka rasa ba. Ga 21 ga Fabrairu ranar harshen uwa, ga 23 ga Afrilu ranar littafi ta duniya, ga 26 ga Agusta ranar Hausa, ga 8 ga Satumba ranar yaƙi da jahilci. Abin da aka fi yi shi ne a kama zaure a otal, manyan baƙi su makara awa biyu, a jera ɗalibai da yunifom a baya, a yi jawabai da Turanci a ɗauki hoto a watse. Wannan hidimar manya ce, ba ta jama'a ba. Yaranmu na Abuja da yawa Hausa na kuɓuce musu, suna ji ba sa iya mayarwa, balle Gbagyi da mu duka a ƙasarsu muke zaune. Hoton Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane, na jikin naira 20, yara nawa ne suka taɓa ganin an gina tukunya a gabansu? Mata masu wannan sana'a suna nan a ƙauyukan Kwali da Bwari, kuɗin mota da ɗan hasafi ne kawai zai kawo su su zauna da yara wuni guda.

Akwai masu ƙoƙari, ƙungiyoyin marubuta na yin zaman karatu, ƙungiyar marubutan Najeriya ANA ma ta gina ƙauyen marubuta na Mamman Vatsa a Mpape. Sai dai yawanci masu mota ne ke zuwa kuma su ya su ne. Laburaren gwamnati ne kaɗai wurin da ɗan mai shayi da ɗan darakta za su zauna a benci ɗaya ba tikiti ba katin gayyata, shi ya sa nake jin zafin yadda aka bar shi.

Sannan a daina yaudarar kai, talakan Abuja ba a tsakiyar birni yake kwana ba. Yana Kubwa da Karu da Lugbe da Dei-Dei da Gwagwalada. In an gama katafaren ginin nan masu bincike za su amfana, kuma dole ƙasa ta samu inda za ta adana abin da aka wallafa, ban musa ba. Amma ƙananan hukumomi shida ne a babban birnin nan, kowace ta samu ko da aji biyu ne da sola da tabarmi da mutum ɗaya mai son yara, a riƙa buɗewa Asabar da lokacin hutu. Cikin biliyoyin da ake kira a cire wani kaso a rubuta ƙarara na shirye-shirye ne, kar a taɓa shi don fenti ko labule. Tsofaffin malamai da suka yi ritaya suna nan zaune a gida, a kira su. Kuma don Allah a nemo mai makullin ɗakin yaran nan a buɗe a share ƙurar, wannan kam ba ya buƙatar kwangila.