Wai Google ya ishe mu ranar annoba?

Kun dai ga abin da bawan Allahn nan ya rubuta jiya, wai tunda akwai Google, ma'aikacin laburaren kiwon lafiya ba shi da sauran aiki, ko da annoba ta ɓarke. Madalla, Malam. Sai mu sallami kowa, mu bar likitan da ke tsaye a kan majinyata ya riƙa lalube a waya da hannu ɗaya.

Binciken da ba a gano shi a kan lokaci ba, ranar annoba, da shi da babu duk ɗaya. A 1982 wasu masu bincike daga Jamus suka wallafa sakamakon gwajin jinin mutanen Laberiya, inda suka ga alamar cewa wasu sun taɓa karo da ƙwayar Ebola, har suka yi gargaɗi. Takardar ta kwanta a wata mujallar kimiyya ta Turai. Da cutar ta ɓarke a 2014, ta kashe sama da mutum 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo. Sai a 2015 Dokta Bernice Dahn, babbar jami'ar lafiya ta Laberiya a lokacin, ta rubuta tare da abokan aikinta a New York Times cewa ashe an yi gargaɗin, bai dai iso gare su ba. Shekara 32 yana ajiye, Malam.

Da korona ta zo kuma, sai takardu suka yi yawa har suka fi ƙarfin mai karatu. Shi ya sa aka kafa LitCovid, rumbun da ke tattara takardun binciken korona wuri ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe nata rumbun, aka fito da wani tarin takardun mai suna CORD-19 a Maris ɗin 2020. Wato duk waɗannan ba su san da Google ba ne, sai kai?

Ga ƙaramin abu ɗaya. Da farko 2019-nCoV ake kiran ƙwayar. Ranar 11 ga Fabrairun 2020 aka raɗa wa cutar COVID-19, ƙwayar kuma SARS-CoV-2. Wanda ya rubuta suna ɗaya a PubMed, shafin neman takardun binciken lafiya, a waɗancan makonnin, takardu da yawa sun wuce shi bai sani ba. Wanda ya iya aikin, haɗa sunayen yake da kalmar OR (wato "ko") don a nemo masa duka, ya taƙaita da kwanan wata, ya leƙa shafin medRxiv don ganin binciken da ba a tantance ba tukuna, sannan ya sa a riƙa turo masa sababbi kullum da safe. Wannan sana'a ce, koyon ta ake yi, kuma ba ranar da gawa ta fara taruwa ake fara koyo ba.

Za a ce ai mujallu sun buɗe binciken korona kyauta. Sun kyauta. Buɗe ƙofa bai nuna maka ɗakin da kake nema ba. Za a ce a tambayi ChatGPT. Wanda ke iya ƙirƙiro maka sunan takardar da ba a taɓa rubutawa ba? Haba.

Wallahi abin da ke damuna shi ne gaggawa ba tare da tacewa ba. A Mayun 2020 mujallar The Lancet ta wallafa bincike kan hydroxychloroquine, maganin da ake gwadawa a kan korona a lokacin, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin maganin na ɗan lokaci. Cikin mako biyu aka janye takardar, saboda an kasa tabbatar da bayanan kamfanin Surgisphere da aka gina binciken a kansu. Wani ne ya kamata ya sanar da likita cewa an janye ta, kuma wanin nan shi kake so a sallama.

Ku kuma masu turo hoton shafin farko na takarda a WhatsApp, an yanke sunan mujalla, babu shekara, an zagaye layi ɗaya da jan biro: don Allah ku riƙa haɗawa da adireshinta. Ta jiya da aka turo min ma a kan ɓeraye aka yi gwajin.